Yadda zaka rage ƙarar tsawa in kana farautar raunanan sigina a dogon zango daga Legas

Jama'a duk wanda ya taɓa murɗa rediyonsa ya sauko ƙasa da daddare a garin nan, wato zangon 160m ko 630m ko can ƙasa 2200m, ya san ƙarar da nake nufi. Ƙaras, ƙarararas, shiru na sakan ɗaya, sai wata ta sake fashewa, allurar S-mita, ma'aunin ƙarfin sigina, ta yi tsalle ta wuce 9 ta dawo. 'Yan ham, wato masu sauraro da watsawa a rediyo don sha'awa, QRN suke ce mata, kuma walƙiya ce ke kawo ta, don kowace walƙiya tana watsa ƙara a kan zango da yawa lokaci guda, ƙarfinta ya fi taruwa wajen 5 zuwa 10 kHz sannan yana raguwa in kana hawa sama. Shi ya sa zaka ga 20m lafiya lau, FM ko alama babu, amma kana saukowa ƙasa abin sai addu'a. A duniya ana walƙiya sau 40 zuwa 50 a kowane sakan, mafi yawanta a kan tudu ba a teku ba, mu kuma Allah ya ajiye mu kusa da ɗaya daga cikin manyan gidajen tsawa na duniya, dajin Kwango, ga duwatsun Kamaru nan a maƙwabta. Ko sama ta yi tas a Agege babu gajimare ko ɗaya, tsawar da ake yi nesa da kilomita 2,000 tana shigo maka eriya.

Su kuma siginonin da muke nema tun asali ba su da ƙarfi. Zangon 2200m, daga 135.7 zuwa 137.8 kHz, a taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2007 aka ba 'yan ham shi, na 630m kuma daga 472 zuwa 479 kHz sai a 2012, kuma aka ƙayyade abin da zai fita daga eriya kada ya wuce wat 1, sai dai a 630m an yarda wa wasu ƙasashe har wat 5. Toh ka duba fa, wat 1 daga Ingila ko Jamus, ya ratso Sahara tafiyar kilomita wajen 5,000, kamar ka ce zaka saurari mai raɗa ne a tsakiyar kasuwar Mile 12 ranar da motocin tumatir suka iso. Amma ana ji, wallahi ana ji, in ka daina neman ƙarfi ka koma neman yadda zaka kauce wa ƙarar. Babu wani maɓalli da zaka danna tsawa ta ɓace, abin da ke hannunka shi ne inda eriyarka ke fuskanta, da lokacin da ka zauna sauraro, da faɗin ƙofar da ka buɗe wa sigina.

Kafin komai ka tabbatar tsawar ce ma tukuna, don a Legas sau da yawa abin da mutum ke ɗora wa sararin sama daga ɗakin maƙwabcinsa yake fitowa. Ƙarar tsawa ba ta da tsari, ta zo da ƙarfi, ta zo a hankali, ta yi shiru. Ƙarar kayan wuta kuwa tana da tsari. In ka ji zzzz wanda ba ya yankewa, mai kaurin murya, wannan na wayar wuta ne ko taransifomar unguwa da ke tartsatsi. In a allon SDR, wato rediyon da ake haɗawa da kwamfuta, ka ga layuka a tsaye jere da juna, tazararsu ɗaya, suna ɗan karkata suna dawowa, wannan inbata ce ko kwantirolar sola ko cajar waya mai araha ko ƙwan LED. In tat-tat-tat ne da sauri yana bin tashin inji, ƙaramin janareto ne, fulog ɗinsa ke yi. In kuma tik, tik, tik ne kusan duk sakan ɗaya ba fashi, wayar shokin da ake sawa a kan katanga ce.

Gwajin ba wuya. Ka ɗora rediyon a kan batir 12V, laftof ma ka zare mata caja, ka je ka kashe babban makunnin gidanku gaba ɗaya har da inbata, sannan ka dawo ka duba S-mita. In ƙara ta sauka toh ɓarawon na cikin gida ne, sai ka riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya har ka kama shi. Akwai kuma wata dama da mu a nan muke da ita kyauta, lokacin da aka ɗauke wuta. Tsakanin ɗaukewar da lokacin da mutane za su fito su ja janareto akwai ɗan taƙi, wani lokaci ko minti ɗaya ba ya kai, ka zuba wa allon ido a wannan taƙin, zaka ga layuka sun ɓace fes, kasan ƙarar ya faɗi, abin da ya rage yana fashe-fashe shi ne ainihin QRN ɗinka. Ka rubuta matakin da ya tsaya, shi ne ma'auninka, duk abin da ya ɗaru a kansa na mutane ne kuma ana iya yaƙarsa. Wayar koyaks ɗin da ta taho daga eriya ka naɗa ta zagaye 10 zuwa 15 a cikin zoben ferait mai tare ƙara, ɗaya kusa da eriya ɗaya kusa da rediyo, don yawancin ƙarar gida ta bayan wayar take hawa ta je eriya ta dawo. A 160m ferait lamba 31 na aiki, a ƙasa da haka ka nemi lamba 75 ko 77.

Sai maganar ƙarfi, wadda nan ne da yawa ke zubar da kuɗi a banza. Mutum ya ga sigina ba ya fitowa sai ya ce bari in ƙara tsawon waya, bari in sa firiyam mai ƙara wa sigina ƙarfi. Ɗan'uwa a dogon zango rediyonka ba kurma ba ne, ƙarar waje ce ta fi ƙarfinsa, in ka ƙara ƙarfi sigina da tsawa tare za su tashi, ƙarshenta ma rediyon ya cika ya fara haifar da ƙarar kansa. Ka zare eriya ka saurara, ka mayar ka saurara. In mayarwar ta sa shuuu ɗin ya tashi a fili toh ƙarfinka ya isa, kada ka ƙara komai, ka kashe firiyam, ka danna ATT ma, maɓallin rage ƙarfi, in ta kama.

Eriyar da nake ba kowa shawara ya fara da ita a Legas ita ce ta zobe, saboda ba ta cin wuri kuma tana da gefen da ba ta ji da shi, wannan kurman gefen kuwa shi ne duk ribar. Ka samu katako biyu ko fayif ɗin roba, kowanne tsawon mita 1.4, ka gicciya su ka ɗaure tsakiya, zai ba ka murabba'i mai mita 1 kowane gefe, kafintan unguwa zai haɗa maka har da ƙafar da zata riƙa juyawa. A kowane ƙarshe ka yi ƴan tsage-tsage da zarto don waya ta zauna, ka naɗa zagaye 10 zuwa 12, ka bar ɗan taƙi tsakaninsu kada su manne, wayar koyil ta masu gyaran fanka da injin ruwa ta isa. Bakin wayar biyu ka haɗa su da kapasita mai murɗawa, irin mai faranti-faranti ta cikin tsohon rediyo, wadda ke kai 365 zuwa 500 pF, masu gyaran rediyo na da su a tarkacensu, a Alaba ma ana samu in ka yi haƙurin tambaya. Sannan ka yi wani zagaye ɗaya daban a cikin na farkon, ba ya taɓa shi, wannan ne zaka haɗa da koyaks zuwa rediyo. Ka sa rediyon a 474 kHz ka murɗa kapasitar a hankali, akwai wurin da shuuu zai tashi farat ɗaya sannan ya faɗi in ka wuce, nan ne wurin. In ba ka same shi ba ka rage zagaye ɗaya ko ka ƙara. Don 137 kHz zoben nan dai zai yi, ka ƙara masa kapasita tsayayya wajen 3.3 nF a gefen mai murɗawar. Don 160m kuma zagaye 3 ya isa.

Yanzu ga inda zaman Legas ya yi mana rana. Zobe yana ji ta bakinsa biyu, ba ya ji ta raminsa, wato in ka tsaya kana leƙa ta cikin ramin, inda idonka ke kallo da bayanka nan ne kurman gefe. Turai, inda da yawa daga masu watsawa a waɗannan zangon suke, tana arewa da mu kusan sak. Kamaru da Kwango suna gabas da kudu maso gabas, tsawar Gini da Laberiya da ta Kudancin Amurka tana yamma. Kaga kenan in ka tsayar da bakin zoben arewa da kudu, kunnensa na Turai, kurman gefensa na kallon inda tsawa ta fi fitowa, kudu kuma teku ne wanda tsawarsa kaɗan ce. Ka yi amfani da kamfas ɗin wayarka, kada ka auna da alƙibla don daga Legas ta karkata arewa maso gabas sosai. Bayan ka saita, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kana kallon allo, ba sigina kake bi ba, inda fashe-fashen suka fi raguwa kake nema, don bakin zobe na da faɗi, ko ka kauce wa Turai da digiri 20 ko 30 ba zaka yi asarar kirki ba, amma kurman gefen siriri ne, ɗan motsi kaɗan ya fita. Kuma ka nisanta shi da ƙarfen taga da kwanon rufi da ƙafar tankin ruwa, ƙarfe na ɓata masa kurmancin. Gaskiya ba kullum zai yi maka abin mamaki ba, in hadari na kanka ko tsawa na zuwa ta ɓangare uku lokaci guda juyi ba zai yi komai ba, amma a daren da ta fito daga gefe ɗaya bambancin a fili yake.

Wanda ke da fili, irin ƴan'uwanmu na Ikorodu ko Epe ko hanyar Badagry, ya duba eriyar K9AY. Sanda mai tsawon mita 8, waya wajen mita 26 a siffar kusurwa, ƙarfe a kafe a ƙasa, rezista wajen om 470 a gefe ɗaya, taransifoma 9:1 a ɗayan. Ita gaba take ji, bayanta kurma, toh in ka juya ta arewa maso yamma wajen Amurka bayanta na kallon Kwango daidai. Eriyar Beverage ta fi su duka amma tana son waya miƙe ta kai tsawon zangon kansa, mita 160 zuwa sama, wa ke da wannan a Idi-Araba. Ƙaramar eriyar nan ta mini-whip kuwa ni ban cika son ta a gidan haya mai cunkoso ba, tana ji ta ko'ina kuma duk ƙarar ginin take kwasowa. In zaka fita wajen gari da batir da laftof da daddare ka sanar da masu unguwa da ƴan sintiri tun da rana, ka nuna musu kayan, mutum da waya a sama cikin duhu abin zargi ne ko'ina.

Lokaci kuma rabin aikin ne. Da rana wani sashe na sararin sama da ake kira shimfiɗar D yana shanye siginar 160m da 630m, rana na faɗuwa sai ya saki, sigina mai nisa ya shigo, amma tsawa mai nisa ma ta wannan ƙofar take shigowa. Tsawar Afirka ta fi tashi daga la'asar zuwa farkon dare, ta Kudancin Amurka tana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 9 na dare agogonmu, shi ya sa wanda ya zauna bayan isha'i ya ji abin ya gagara sai ya ce zangon ya mutu. Bai mutu ba, ka dawo daga ƙarfe 2 na dare zuwa bayan sallar asuba, ƙasa ta huce, hadari da yawa sun watse, janareto da yawa an kashe, kuma har yanzu duhu ne tsakaninmu da Turai. A shekara kuma Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinmu, ruwa ya koma kudancin Afirka, Turai na cikin sanyi darensu dogo tsawarsu kaɗan. Mafi muni shi ne shigowar damina wajen Maris zuwa Mayu da fitarta wajen Oktoba, lokacin hadarin nan masu iska da ke tasowa daga gabas. Tsakiyar damina ana ruwa sosai amma ba kullum da tsawa ba, ɗan tsagaitawar Agusta ma yana ba da dare masu kyau. Kana iya leƙa taswirar Blitzortung ka ga inda ake walƙiya, sai dai tashoshinsu a Afirka kaɗan ne, abin da ta nuna bai kai abin da ke faruwa ba. Don sanin ko hanyar Turai a buɗe take ka duba 138.83 kHz, tashar DCF39 ta Jamus, mai ƙarfi ce ƙwarai, in ko ita ba ta fito a allonka ba kada ka wahalar da kanka da neman mai wat 1 a daren.

Sai saitin rediyo. Yawan ƙarar da ke shigowa yana bin faɗin filta ne kai tsaye, in ka rage daga 2,500 Hz zuwa 250 Hz ka zubar da kashi 9 cikin 10 na ƙarar, wato 10 dB, sigina CW kuma, wato mai ƙiftawar Morse, yana nan yadda yake. Amma kada ka matse fiye da kima da kunne, filta siririya in tsawa ta doke ta sai ta riƙa amsa kuwwa, ka kasa bambance ta da sigina. AGC kuma, mai daidaita ƙarfin rediyo da kansa, in ka bar shi a slow, duk fashewa ɗaya zai danne rediyon ya yi kurma na sakan ɗaya ko biyu, kafin ya farfaɗo wata ta zo, toh ka sa shi fast ko ka kashe shi ka rage RF Gain da hannu, ka kula da kunnenka in kana da hedifon.

Maɓallin NB mutane da yawa sun ce ba ya aiki, kuma dalili ne da shi. Aikinsa ya ga tsinin ƙara gajere ya yanke wannan ɗan lokacin ya jefar. Walƙiya mai nisa a dogon zango tsini ce gajeriya ƙwarai, wannan yana iya ta, amma sai in ya gan ta tun kafin filta siririya ta ja ta ta yi tsawo, shi ya sa SDR mai buɗaɗɗen zango irin Airspy HF+ ko SDRplay da manhaja irin HDSDR ko Linrad suka fi tsofaffin rediyo a nan. Ka fara da shi a kashe, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, in kasan ƙarar a allo ya sauka ka ci gaba, da zarar ka ga sigina masu ƙarfi sun fara yin datti a gefensu ka koma baya. In akwai tashar matsakaicin zango mai ƙarfi kusa da kai zata riƙa ruɗa shi, nan zoben da aka saita da kapasita ke taimakawa don yana tare ta tun daga waje. Tsawar kusa kuwa, mai jan ƙarararas na rabin sakan, NB ba shi da yadda zai yi da ita. Shi kuma maɓallin NR, mai lausasa ƙara, na rage wa kunne gajiya ne kawai, in kwamfuta ce ke sauraro ka kashe shi.

Kuma maganar gaskiya a waɗannan zangon kwamfuta ce ya kamata ta saurara. WSPR, hanyar aika saƙo ta kwamfuta wadda Joe Taylor mai lambar kira K1JT ya fitar a 2008, shi ne wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, tana aika saƙo na kusan minti 2 a faɗin da bai wuce 6 Hz ba, kuma tana karanta sigina da ke wajen -30 dB, wato ƙarar da ke cikin 2,500 Hz ta ninka shi sau 1,000, kunne ba zai ji komai ba. Tunda saƙon a shimfiɗe yake tsawon lokaci kuma da gyaran kuskure a cikinsa, ko tsawa ta cinye wasu sakanni sauran sun isa a haɗa shi. Ka sauke manhajar WSJT-X mai karanta WSPR, ka sa rediyo a yanayin sauraro na USB, filta a buɗe, ka sa 136.000 kHz don 2200m, 474.200 kHz don 630m, 1836.6 kHz don 160m, ka daidaita sautin shiga ya tsaya wajen 30 dB a ma'aunin gefen hagu, agogon kwamfuta kuma ya zama daidai kada kuskurensa ya wuce sakan 1, wannan na ƙarshen shi ke kayar da sababbi da yawa. A 2021 aka ƙaro wa WSJT-X hanyoyin FST4 da FST4W musamman don dogo da matsakaicin zango, FST4W na da zagayen sakan 120, 300, 900 da 1800, na ƙarshen yana kai kusan -45 dB amma yana son rediyon da ba ya gocewa ko kaɗan, ka fara da 120 da 300. A cikinsa akwai akwatin NB nasa na kansa da ake sa wa kashi cikin ɗari, a irin ƙararmu ka gwada 5, ka gwada 10, ka ga wanne ya fi fito maka da tashoshi. Ka bar shi ya kwana yana aiki a kan batir, da safe ka duba abin da ya kama, ka canza abu ɗaya tak, ko juyin zobe ko NB, ka sake barinsa, in ka canza uku lokaci guda ba zaka san wanne ya yi aikin ba. Ka tura rahotonka shafin wsprnet don Allah, masu sauraro daga Afirka ta Yamma kaɗan ne a taswirar, wanda ya ga siginarsa ta sauka a Najeriya zai ƙara dagewa. Duk wannan maganar sauraro ce, watsawa sai da lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, kuma ka duba zangon da takardarka ta yarda maka.

Da hunturu akwai wata ƙarar daban, busasshiyar iska mai ƙura in tana goga doguwar waya a sama tana tara mata caji, sai ka ji tsss yana hawa yana hawa ya fashe, wani lokaci har ka ga ɗan tartsatsi a bakin fulog ɗin koyaks, kuma yana iya ƙona bakin SDR. Ka haɗa rezista babba, daga kilo-om 100 zuwa mega-om 1, tsakanin wayar eriya da ƙarfen da ka kafa a ƙasa, zata riƙa tsiyaye cajin ba tare da ta taɓa sigina ba. Amma kada ka ɗauka wannan rezistar ko wani ɗan abin kariya zai tare aradu. In ka ga walƙiya ka ƙirga sakan har ka ji rugugin, duk sakan 3 kilomita 1 ne, in bai kai 30 ba hadarin na cikin kilomita 10 da kai, ka cire hedifon, kada ka hau bene gyaran eriya, kada yara su je kusa da wayar. Zare koyaks ana yinsa ne tun hadari na haɗowa, a fitar da bakinta waje nesa da taga, haka ma duk ranar da zaka fita kasuwa ko aiki da damina ka zare ta kafin ka kulle ƙofa.